Tarihin Horar da Likitocin Tsofaffi a Ingila da Amurka

Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu nuna cewa fannin maganin tsofaffi ya daɗe da kafuwa kafin a tsara horon likitocinsa. Likita Ignatz Nascher ne ya raɗa masa suna a Amurka cikin 1909, amma a Ingila ya yi saiwa. A 1935 aka damƙa wa Likita Marjory Warren ɗaruruwan tsofaffi da aka fid da rai da warkewarsu a asibitin West Middlesex. Da ta duba su ɗaya bayan ɗaya, sai ta tarar da yawansu cuta ce mai magani ta kwantar da su, ba tsufa ba. Wasunsu har suka koma gida.

A Amurka kuwa, sai a 1966 Likita Leslie Libow ya buɗe horon ƙwarewa na farko a birnin Niyok. Jarrabawar shaidar ƙwarewa ta biyo baya a 1988, sa'an nan a 1998 aka rage horon daga shekara 2 zuwa 1 domin a jawo masu shiga. Duk da haka guraben ba sa cika. Abin lura a nan shi ne, inda babu likitan da aka horar, cutar tsoho tsufa ake kiranta, a bar shi kwance.