Ruwanda: Lokacin da Rediyo Ya Yi Magana, Ikilisiya Ta Yi Shiru

Matasa sukan tambaya ko yawan zancen ƙabila gyara yake kawowa ko ɓarna. Tarihin Ruwanda yana da abin faɗi a kan wannan, kuma ba mai daɗin ji ba ne.

Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, Kinyarwanda, suna zaune a tuddai ɗaya, suna auratayya. A farkon shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida, suka fifita Tutsi a makaranta da sarauta. A shekarun nan ne kuma farkaswa ta tashi a Gahini, inda Anglikan suke da asibitin mishan. Mutane suna tashi a gaban jama'a suna furta zunubansu, Hutu da Tutsi da Bature suna zumunta tare. Wutar ta kai Uganda da Kenya da Tanganyika.

To ina wannan wuta ta shiga a 1994?

A ganina, ikilisiya ta koyar da tuba daga sata da zina da maye, amma ta ɗauki zancen ƙabila a matsayin siyasa, abin da bai dace da bagadi ba. An kashe Tutsi a 1959, dubbai suka gudu, wa'azi bai canja ba. Wasu shugabanni ma sun wuce shiru: babban bishop na Katolika a Kigali, Vincent Nsengiyumva, ya yi shekaru a kwamitin ƙoli na jam'iyya mai mulki. Filin da masu bishara suka bari, wasu suka cika shi. Daga 1993 gidan rediyon RTLM ba shi da zance sai ƙabila, dare da rana, da kiɗa da barkwanci don jan matasa, yana kiran Tutsi kyankyasai.

Ranar 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana. Cikin kwana ɗari aka kashe mutum wajen 800,000, a ƙasar da kusan tara cikin goma suke amsa sunan Kirista. Mutane sun gudu majami'u don neman tsira, can aka same su. A Nyange an rushe majami'a da buldoza a kan waɗanda suka fake ciki, kotun duniya da ke Arusha ta kama limamin wurin, Athanase Seromba, da laifi. Akwai masu bi da suka ɓoye maƙwabta har suka rasa ransu, kada mu manta da su.

Bayan kisan, gwamnati ta cire ƙabila daga katin shaida, ta kafa doka a kan raba kan jama'a. Ban ga laifin wanda wuta ta ƙona ba idan ya ji tsoron toka, ko da yake masu suka suna cewa ana amfani da dokar wajen toshe bakin 'yan adawa. Amma abin da ya fi taɓa ƙauyuka magana ce. A kotunan gacaca, da aka rufe a 2012, jama'a sukan zauna a fili, mai laifi ya faɗi wanda ya kashe da inda ya jefa gawar, gwauruwa tana ji. Rediyo ya yi zancen ƙabila don ya shafe fuskar mutum. Gacaca ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Ku duba Ayyukan Manzanni sura 6. Da masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi shiru don zaman lafiya ba. Sun tara ikilisiya, aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenawa. Irin gunagunin nan muna jinsa a bayan majami'a duk lokacin zaɓen dattawa, ba safai yake isa taron ikilisiya ba.

A Maris 1997 'yan bindiga suka shiga wata makarantar sakandare a Nyange ɗin nan da dare, suka ce ɗalibai su rabu, Hutu gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi, suka ce su 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, wasu suka mutu a cikin ajin. Sa'o'inku ne.