Bayani a Kan Latifar Tsakar Kai da Hannuwan da Ta Biyo

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka. Ni faƙiri mai buƙatar rahamar Ubangijinsa, mazaunin Yasore ta ƙasar Batsari, ina cewa: waɗansu almajirai sun yawaita tambayata game da wani hoto da suke gani cikin wayoyinsu, na mutum zaune ya tanƙwashe ƙafafu, da fitilu bakwai jere bisa gadon bayansa, ta bakwai tana tsakar kai. An gaya masu wanda ya buɗe wagga ta bakwai ya san kansa, tsoro ya bar zuciyarsa, kuma wai ita ce latifar da sufaye ke faɗi. Tun 2019 da 'yan bindigar dajin Rugu sunka tsananta wa garuruwanmu, duk abin da anka kira maganin tsoro ba ya rasa mai saye. Don haka na ga in rubuta tarihin wanga al'amari, domin mai nema shi san rijiyar da zai jefa gugansa.

Fasali. Ka sani, ya ɗan'uwa, asalin wanga hoto ƙasar Hindu ne, wurin masu riyalarsu da ake kira yogi. Su ne sunka ce akwai matattarai cikin jikin ɗan Adam, kowace sunanta cakara, ma'anarta da'ira. Shida suna jere daga ƙarshen ƙashin baya zuwa tsakanin gira. Bisa gare su akwai wadda suke kira sahasarara, suna siffanta ta da furen bado mai ganye dubu, a wurin maɗiga. Sun ce wani ƙarfi shina kwance gindin ƙashin baya, naɗe kamar macijiya mai barci. Mai riyala shi tashe ta da riƙon numfashi, ta hau daki-daki har maɗiga, can ta sadu da abin bautarsu mai suna Shiba. Wanga shi ne maƙasudinsu, su kuwa ba su ɓoye shi ba.

Wani malaminsu Furnananda, mutumin Bangala, ya tsara wanga bayani a 1577. Wani Bature Jon Wudrof, alƙali a babbar kotun Kalkata, ya juya shi da Ingilishi a 1919, sa'an nan wani Lidbita ya buga nasa littafin a 1927 da hotuna masu launi. Daga waɗannan Turawa sunka ɗauka, sunka zubar da sunayen ababen bauta, sunka ce ilmin lafiya ne da sanin kai. Launukan bakan gizo da ke jere cikin hoton ba su cikin littafin Furnananda, ba su kuwa yaɗu ba sai bayan 1970. Ni da ke wanga rubutu na girmi yaɗuwarsu.

Fasali. Amma latifa, kalmarmu ce, tana da nata tarihi. Imamu Gazali, wanda ya rasu 505 (1111), Allah shi yi mashi rahama, ya yi maganarta cikin Ihya'u, wurin bayanin abubuwan mamaki na zuciya. Ya ɗauki kalmomi huɗu: zuciya, da ruhi, da nafsu, da hankali. Ya nuna kowace tana da ma'ana biyu. Zuciya tsoka ce a hagun ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, gawa ma tana da ita; zuciya kuma latifa ce, abu mai laushi daga Ubangiji, ita ce mai sani, ita ake umurta, ita ake tambaya. Da ya kai ga yadda wagga latifa ta rataya da waccan tsoka, sai ya kame alƙalaminsa da gangan. Ga wanda ya fi mu sani ya tsaya bakin ƙofa.

Waɗanda sunka ƙidaya su mutanen gabas ne. Najmuddini Kubra, wanda Tatar sunka kashe a Huwarizmu 618 (1221), ya yi bayanin haskoki masu launi da mai halwa ke gani. Bayansa cikin silsilarsa Ala'uddaula Simnani, ya rasu 736 (1336), ya ce latifu bakwai ne, ya jingina kowace ga Annabi guda da launi guda, tun daga Annabi Adamu har ta bakwai, ta haƙiƙa, wadda ya jingina ga Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata gare shi, launinta tsanwa. Sa'an nan Shehu Ahmadu Sirhindi na ɗariƙar Naƙashabandiyya, ya rasu ƙasar Hindu 1034 (1624), shi da mabiyansa sunka ba kowace mazauni cikin jiki: zuciya ƙarƙashin nonon hagu, ruhi ƙarƙashin na dama, sirri da hafi da ahfa cikin ƙirji, nafsu ga goshi. Waɗansu daga cikinsu sun ɗora ta ƙarshe a tsakar kai, inda suke cewa zikiri shina mamaye jiki duka. Sun saɓa a kan wurare da launuka, saɓani mai yawa, wanda ke nuna maka cewa alamomi ne na tarbiyya, kowane shaihi da inda yake sa muridinsa shi tara hankali.

Dubi yadda suke zikirin kalmar shahada. Suna jawo farkonta daga cibiya zuwa ƙwaƙwalwa, su karkato da tsakiyarta zuwa kafaɗar dama, su buga ƙarshenta bisa zuciya da ƙarfi. Ko wurinsu, ke nan, kai zango ne, masauki zuciya. Yogi shina hawa shi tsaya maɗiga. Banaƙashabande shina hawa shi sauko. Wanda ya ce abu guda ne don sun haɗu ga bakwai, sai shi haɗa da sammai da kwanakin mako.

Fasali. Akwai wuri guda da koguna biyun nan sunka kusanci juna, kuma zarensa ya iso har gidajenmu, mafi yawanmu ba su lura ba. Shi ne Shehu Muhammadu Gausu na birnin Guwaliyo, na ɗariƙar Shaɗɗariyya, ya rasu 970 (1563). Ya juya wani littafin yogi da Farisanci, ya kira shi Baharul Hayati, cikinsa akwai zaman yogi da riƙon numfashinsu. Shi ne kuma mai Jawahirul Hamsi, littafin sunayen Allah da addu'o'i. Wanga na biyu Sibgatullahi, wanda ya rasu Madina 1015 (1606), ya mai da shi Larabci, ya bazu Hijazu da Magaribi, har ya kai hannun Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu Fas 1230 (1815). Hizbus Saifi da Tijjanawanmu ke karantawa da izini shina cikinsa. Mutum guda, littafi biyu. Malaman Haramaini sunka ɗauki na addu'a sunka miƙo. Baharul Hayati kuwa ban taɓa ganinsa cikin gafakar wani malami na ƙasarmu ba.

Fasali. Abin da ya shigo Katsina na ilmin baɗini hanyarsa yamma ce da arewa. Shehu Magili, ya rasu 909 (1504), ya zauna Kano da Katsina, gare shi ake jingina shigowar Ƙadiriyya. Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, mai Durrul Manzumi, ya rasu Alƙahira 1154 (1741) gidan Hasanul Jabarti, Misirawa na ɗaukar ilmi wurinsa. Fanninsa hatimi ne da haruffa da taurari, irin wanda har yau ake samun ɓurɓushinsa cikin kundayen tsofaffi. Alhaji Umarul Futi ya zauna Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello, ya yaɗa Tijjaniyya. Tarbiyyar waɗannan ɗariƙu biyu wuridi ce, da istigfari, da salati, da halwa, da hannun shaihi. Cikin zauren da na yi karatu, in malami ya ce tsarkake wuri, ƙirji yake nunawa.

Mafi bayyanar shaida labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, Allah shi yarda da shi, wanda ya ba da da kansa cikin ɗan littafinsa na wuridi. Ya ce da ya kai shekara 36 Allah ya yaye mashi rufi daga ganinsa da jinsa da sauran gaɓɓansa, ya sami wuridinsa rubuce bisa haƙarƙarinsa na biyar, ta dama. Da ya kai 40 da wata 5, wajen 1208 (1794), ya ga an kawo shi gaban Manzon Allah. Shehu Abdulƙadiri Jilani ya zo da riga tsanwa da rawani. Rawanin ya bi hannun Annabi, da halifofi huɗu, da Annabi Yusufu, ya komo ga Jilani, shi kuma ya zaunar da shi, ya sa mashi riga, ya naɗa mashi rawani, ya ɗaura mashi takobin gaskiya. Lura da rabon, ya ɗan'uwa. Sirri ga haƙarƙari anka rubuta shi, kusa da zuciya. Kai rawani ya samu, da hannun wani anka naɗa shi, kuma tare da shi anka ɗora mashi umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Shekara 10 bayan haka, a 1804, ya bar Ɗegel zuwa Gudu.

Tammat. Allah shi gafarta wa marubuci, da mai kwafa, da iyayensu.