Ƙonannen Gero Mai Shekara Dubu Uku

'Yan uwa mazauna Abuja da kewaye.

Na tashi ina auna wa mutane gero da wake a rumfar mahaifina, amma ban taɓa tambayar kaina tun yaushe ake cin su a wannan yanki da muke zaman ci-rani ba. Ashe amsar tana nan kusa da mu.

A shekarar 2005, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Goethe ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka fara tono a kufayen mutanen Nok, musamman wajen Janjala a Ƙaramar Hukumar Kagarko, arewa da Abuja. Mutanen Nok su ne masu mutum-mutumin yumɓun nan da suka yi suna a duniya. Sun rayu tun kusan shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

To jama'a, yaya ƙwayar hatsi za ta kai yau ba ta ruɓe ba? Wuta ce ta cece ta. Ƙwayar da ta faɗa murhu ta zama gawayi, ko gara ba ta cin ta. Sai masu binciken su zuba ƙasar kufai a ruwa, yashi ya nutse, gawayin ya taso, su tace shi. Da haka suka samu gero da wake da ƙwallon atile, kuma da ƙwayoyin ne ake gwajin da ke nuna shekarun wurin. A 2021 ma aka bayyana samun alamar kakin zuma a jikin tukwanensu.

Ban ce mutanen Nok Hausawa ba ne. Na dai ce abin da ke tukunyarmu shi ne a tasu.

Abin takaici shi ne masu tonon sata. Kan yumɓu kawai suke nema don dillalai su kai Turai, ƙasar kuwa su watsar. Alhali a cikinta labarin yake, kuma in an hargitsa ta, shi ke nan, ba gyara.

Don Allah 'yan uwana 'yan kasuwa, kada kuɗinmu su shiga wannan harka. Wanda ya ci karo da irin wannan wuri a gona ko wajen gini, ya sanar da hukuma.

Allah ya sa mu dace, amin.