Auren mangwaro a kudancin Kano

Auren mangwaro dabara ce ta haɗa reshen iri mai kyau da gindin ƙaramar bishiyar da aka tsirar daga ƙwallo, su zama itace ɗaya. Ana yin sa a lambunan kudancin jihar Kano, ciki har da Yako a ƙaramar hukumar Kiru, da Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta faɗaɗa noman rani a yankin.

Reshen ne ke tantance irin 'ya'yan. Gindin kuwa shi ke riƙe da saiwa, kuma shi ke tasiri kan tsayin bishiya da juriyarta ga fari da gishirin ƙasa. Galibi ana amfani da ƙwallon mangwaron gida wajen tsirar da gindin. A Isra'ila an zaɓi wani gindi mai lamba 13-1 saboda juriyarsa ga gishiri. Bishiya mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, wadda ba ta da aure kan haura shekara 5.

Taki

Naitirojin ne ke gina ganye da rassa. Takin yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin 100 na sinadarin, kamfa 15-15-15 kuma kashi 15. Ana zuba takin kaɗan-kaɗan da damina, a zagaye, nesa da gindi, a rufe da ƙasa, domin idan ya taɓa ƙaramin dashe yakan ƙona shi. Idan naitirojin ya yi kaɗan, tsofaffin ganye sai su yi ɗorawa. Idan ya yi yawa, bishiyar sai ta yi ta tofo, furen lokacin hunturu ya ragu.