Mashi, Takobi da Zangarniya: Nazarin Tambarin Jamhuriyar Nijar Daga Ƙasar Gure

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alamomin tambarin da rundunar sojan Nijar take aiki a ƙarƙashinsa, ta auna su da rayuwar Gure a jihar Damagaram. Ta gano cewa tambarin ya ɗaure makami da noma da kiwo wuri guda.

Gabatarwa

An ɗauki tutar Nijar ranar 23 ga Nuwamba 1959, aka kafa rundunar sojan ƙasa ranar 1 ga Agusta 1961. Sojojin mulkin mallakar Faransa suna ɗauke da alamar angar jirgin ruwa, abin da bai da tushe a ƙasar da ba ta da teku. Tambarin sabuwar ƙasa kuwa yana ɗauke da alamomin da talaka zai gane da kallo ɗaya. Gure ta dace da wannan nazari, domin tsohuwar fadar masarautar Muniyo ce, wadda Bature matafiyi Barth ya ziyarta a 1852 zamanin Sarki Koso, kuma a nan ƙasar noma take haɗuwa da ta kiwo.

Siffar Tambarin

Tsarin mulkin 2010 ya bayyana garkuwa koriya mai rana ta zinariya a tsakiya. A damar garkuwar, wato hagun mai kallo, akwai mashi a tsaye da takubban Abzinawa biyu a gicciye. A ɗaya ɓangaren zangarniyar hatsi uku ce, ɗaya a tsaye, biyu a gicciye. A ƙasa kan sa ne mai tozo, tutoci huɗu kuma suna tallafe da garkuwar.

Tattaunawa

Abin lura shi ne tsarin zangarniyun daidai yake da na makaman: ɗaya a tsaye, biyu a gicciye, launinsu ɗaya. Mai zanen bai fifita takobi a kan hatsi ba. Takobin ma miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, irin wanda maƙeran ƙasar suke ƙerawa, ba na Turawa ba.

A Gure wannan ma'ana a fili take. Manomi ɗan ƙabilar Manga yana shuka hatsi a jigawa yana tsoron rairayin da ke binne kwarurrukan dabino da kanwa. Bafulatani da Batube suna bin rijiyoyi da garkensu. Idan hanya ta rasa tsaro, kasuwar dabbobi ta mutu, rumbu kuma bai kai ko'ina ba.

Kammalawa

Binciken ya tabbatar da cewa tambarin ya ɗora wa mai makami amanar mai fartanya da mai sanda. Ya kamata a koyar da ma'anarsa a makarantun horar da sojoji da na boko, cikin Hausa da Barbarci da sauran harsunan ƙasa.