FURA

fura [furā̀] sn., mc.; ba a saba yi mata jam. ba. A bakin mutanen Agye, Gazawa da Gidan Runji (jihar Maraɗi): hurā̀.

1. Curin garin gero da aka surfa, aka daka da citta, kanumfari da barkono, aka dafa a tafasasshen ruwa, aka kirɓa a turmi, sannan aka mulmula aka barbaɗe da gari. Mis.: Furar nan ta kirɓu, ba gari-gari.

2. Wannan curi idan an dama shi da nono a ƙwarya, a sha da ludayi. Wasu da sukari, wasu haka nan. Ita ce abincin rana na manomi, kuma matafiyi kan neme ta a kasuwa da tashoshin babbar hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, ko da akwai dambu da zogale, ɗanwake ko shinkafa da wake a rumfar gefe. Mis.: Inna, dama mini ta dala 20. / Baƙo ya iso, a kawo masa fura.

3. farar ~: ɗanyen garin gero da ake damawa da ruwa ba a dafa ba.

Dangi: mai ~ (jam. masu ~), mai sayarwa; dawo, curin da ba a dama ba; gaya, gudajin da aka bari cikin damu; damu, sn., nj., aikin damawa. K.m.: Yadda aka dama, haka za a sha.

Dub.: gumba, kunu, kindirmo.