Baƙo da mai gida a kan titi: tarihin saɓanin masu keke da masu mota a Ingila

Mutane da yawa suna ɗauka cewa an shimfiɗa titi ne domin mota, mai keke kuwa alfarma aka yi masa. Tarihin Ingila, ƙasar da keken Raleigh da ya yi suna a ƙasar Hausa ya fito, ya nuna cewa mai keke ya riga mai mota zama a kan hanya, kuma shi ya fara neman a gyara ta.

A shekarar 1878 aka kafa ƙungiyar masu keke a garin Harrogate, wadda ta ɗauki sunan Cyclists' Touring Club a 1883. A 1885 John Kemp Starley ya ƙera keke mai ƙafafu kusan daidai da juna a Coventry, irin wanda muka sani yau. Da mahaya suka yawaita, sai ƙungiyoyinsu suka haɗa kai a 1886 suka kafa wata ƙungiya ta neman gyaran hanyoyi. Dokar 1888 ta sanya keke cikin sahun karusai, wato yana da haƙƙin bin titi kamar kowane abin hawa. A wannan zamani motar ce ke cikin takura. Dokar 1865 ta hana abin hawa mai inji wuce kimanin kilomita 6 a awa a karkara, ta kuma wajabta mutum ya yi tafiya a gabansa riƙe da jar tuta. Sai a 1896 aka sassauta wannan ƙa'ida ta gudu.

Bayan yaƙin duniya na farko al'amari ya juya. Motoci suka ƙaru, masu su kuma galibi masu hali ne da ake jin maganarsu a majalisa. A 1930 aka soke iyakar gudu ga ƙananan motoci baki ɗaya, aka fitar da littafin ƙa'idojin hanya na farko a 1931. A 1934 mutum 7,343 suka mutu a haɗarin hanya, akasarinsu matafiya a ƙasa da masu keke. Dole hukuma ta mai da iyakar gudu ta kilomita 48 a awa cikin gari, ta kuma wajabta jarrabawar tuƙi daga 1935.

A nan ne gardama ta yi zafi a kan abu biyu. Na farko shi ne hanyar keke ta daban. A watan Disamba na 1934 ministan sufuri Leslie Hore-Belisha ya buɗe irin wannan hanya a gefen titin Western Avenue na Landan. Ƙungiyar masu keke ta yi tir da ita. Hujjarta ita ce, in aka ware su yau, gobe za a hana su babban titi da suka yi shekaru suna neman a gyara, baƙo ya kori mai gida ke nan. Ga shi kuma hanyar tana yankewa a mararraba, inda haɗari ya fi yawa.

Na biyu shi ne fitilar baya. Masu mota suka nemi a wajabta wa keke jar fitila da dare. Ƙungiyar ta amsa da cewa wanda ya taho daga baya da gudu, shi ke da alhakin ganin abin da ke gabansa, kuma wajabta fitila zai mai da laifi kan wanda aka kaɗe. Duhun da aka tilasta wa garuruwa lokacin yaƙin duniya na biyu ya sa aka wajabta ta, dokar 1945 ta tabbatar da ita.

Kowane ɓangare na da tasa gaskiya. Fitila tana ceton rai, amma tsoron masu keke bai zama banza ba. A 1949 an yi tafiyar kusan kilomita miliyar 24 a kan keke a Birtaniya. A 1973 ba ta kai miliyar 4 ba. Ba doka ce ta kore su ba, yawan motoci da tsoron haɗari ne suka sa mutane da yawa suka jingine kekunansu.

A watan Janairu na 2022 aka sake fasalin littafin ƙa'idojin hanya, aka ce wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar alhaki, aka kuma nemi direba ya bar tazarar mita 1.5 aƙalla in zai wuce mai keke. Wannan kusan ita ce hujjar da ƙungiyar ta kafa wajen shekara casa'in da suka wuce. Malamin da ke koya wa yara ƙa'idojin hanya zai amfana in ya haɗa musu da wannan tarihi, su san cewa bayan kowace ƙa'ida akwai gardama a kan wa zai ɗauki alhakin ran wani.